Tamfol ɗin Kaka ya yi ƙafafu

1. Kwanan masunci

Injamena ita ce babban birnin ƙasar Cadi. An kafa ta a shekarar 1900. A da sunanta Fort-Lamy, Hausawa kuwa suna cewa Fallomi. A 1973 aka sake mata suna. Birnin yana daidai inda koguna biyu suka haɗu, wato Shari da Logon. Idan mutum ya tsaya a bakin ruwa, yana hangen garin Kuseri na ƙasar Kamaru a tsallake.

Hausawa sun daɗe a wannan birni. Waɗansu fatauci ya kawo su, waɗansu kamun kifi, waɗansu kuma mahajjata ne da suka nufi Makka da ƙafa, suka yada zango, suka zauna ke nan.

A unguwar Waliya, tsakanin kogunan nan biyu, akwai wani tsoho masunci. Yana zaune tare da ɗansa da surukarsa da jikokinsa biyu. Yaran suna kiransa Kaka, iyayensu kuma Abba da Inna. Babbar jikar mace ce, ita ce Yaya. Ƙaramin shi ne Auta.

Idan Kaka ya tafi su, yakan yi kwana uku ko huɗu bai dawo ba. Ba ya kwana a ƙasa, saboda danshi da kunama da maciji. Yana da raga wadda ya saƙa da tsohon taru. Yakan ɗaura ta tsakanin itatuwa biyu. A samanta yakan miƙe igiya, ya rataya tamfol a kan igiyar, rabi nan, rabi can. Sai ya ja gefunan ƙasa, ya kafe su da turaku. Tsawon tamfol ɗin mita 4, faɗinsa mita 3. Ko ruwa ya kwana yana zuba, Kaka ba ya jiƙa.

Amma wannan ɗakin mutum ɗaya ne. Tsakiyarsa kaɗai ke da tsayi. A gefe kuwa, ko akuya sai ta sunkuya.

2. Daren da ɗaki ya faɗi

A watan Agusta na 2022 an yi ruwa mai yawa a Injamena. Unguwanni sun cika da ruwa, gidajen ƙasa da yawa sun rushe. Wata rana da la'asar bangon ɗakin su Auta ya tsage. Abba ya fitar da kowa, suka kwashe abin da suka iya. Kafin magariba ɗakin ya zube.

A ranar Kaka yana bakin kogi wajen gyaran kwale-kwale, ya kwana can wurin abokansa. Ragarsa da tamfol ɗinsa suna gida.

Abba ya ɗauko tamfol ya duba. Ya ce a ransa, idan na rataya shi kamar yadda Baba yake yi, ba zai ɗauke mu ba. Sai ya buɗe shi sarai kamar tabarma. Ya ɗaura kusurwa biyu a jikin itatuwan dogon yaro da ke tsakar gida, kusurwa biyu kuma a jikin sauran katanga. Wuri ya yi faɗi. Suka shigar da buhun gero da akwatin tufafi da littattafan Yaya, suka kwanta.

Abba bai yi wauta ba. Kusan kowa haka zai yi a ranar farko.

Can da tsakar dare hadari ya taso. Ruwa ya fara taruwa a tsakiyar tamfol. Tamfol ya lotsa, ya yi tumbi. Tumbin yana ƙara zurfi, ruwa yana ƙara samun wurin zama. Auta ya farka ya ga abin ya kusa taɓa hancinsa. Kafin ya buɗe baki, sai kusurwa ɗaya ta yage, ɓarr! Ruwan duka ya juye musu. Gero ya jiƙe. Littattafan Yaya suka zama kamar fura. A tsaye suka ƙarasa daren, suna rawar ɗari.

3. Lissafin Yaya

Da hantsi sai ga Kaka. Inna ta durƙusa ta ce:

— Sannu da zuwa, Baba. Ka ga abin da ya same mu.

— Sannunku. Tun da kowa yana da rai, mun gode Allah.

Ya dubi ɗakin, ya dubi tamfol. Sai ya juya wajen Yaya, don ba ya rabuwa da tsokanarta.

— Amarya, ke da kike zuwa makaranta, gaya mini. Me ya yaga mini tamfol?

— Ruwa ne, Kaka.

— Ruwa? Shekara nawa ruwa yana dukansa bai yage ba?

Yaya ta yi shiru. Sai ta tuna da darasin da aka yi musu a kan ma'aunin ruwan sama. Ta ɗauki tsinke, ta tsuguna, ta fara rubutu a ƙasa.

Ga abin da ta rubuta. Mita 4 sau mita 3, murabba'in mita 12 ke nan. Idan ruwan sama na milimita 1 ya sauka a kan murabba'in mita 1, ya ba da lita 1. A ce ruwan daren jiya milimita 20 ne kawai. 20 sau 12, lita 240. Lita 1 ta ruwa kuma nauyinta kilo 1.

Ta ɗaga kai ta ce:

— Kaka, kilo 240! Ya fi buhun gero biyu nauyi!

— To, kin gani. Wa zai ɗora wa zane buhu biyu ya ce kada ya yage? Ruwa baƙo ne. Idan ka nuna masa hanya, ya wuce. Idan ka shimfiɗa masa tabarma, ya kwana.

Abba ya ce:

— Gaskiya ne, Baba. Amma idan na rataya shi irin naka, mu biyar ba mu shiga.

— Ai sai mu yi masa ƙafafu.

4. Dirkoki shida

Kaka ya ce a nemo masa itace shida masu ƙwari, biyu dogaye, huɗu gajeru, da wata miƙaƙƙiyar sanda. Auta ya ɗauko adda ya nufi dogon yaro. Kaka ya daka masa tsawa:

— Kai abokina, ajiye! Doka ta hana saran ɗanyen itace. Kuma idan ka sare shi, gobe ina za ka sha inuwa?

A cikin kangon ɗakin da tsohuwar rumfar awaki suka sami abin da suke so. Kaka ya zaɓi masu baki biyu a sama, waɗanda ake kira dirkoki. Miƙaƙƙiyar sandar kuwa, tasa ya bayar, wadda yake tura kwale-kwale da ita.

Kaka ba shi da mita. Da hannunsa yake awo, daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsa. Wannan shi ne kamu. Yaya ta gwada da abin awonta na makaranta, ta ga kamun Kaka ya yi santimita 50. Dogayen dirkoki kamu biyar biyar, gajerun kamu uku uku.

Abba ya haƙa ramuka da dagi, kowane rami zurfin kamu ɗaya. Da aka kafa dirkokin aka daddanne ƙasa, dogayen suka tsaya mita 2 a sama, gajerun mita 1. Aka ɗora sandar kwale-kwale a bakin dogayen, aka ɗaure. Ita ce ta maye gurbin igiyar da Kaka kan miƙe tsakanin itatuwa. Igiya takan saki idan ta jiƙe ko ta ji nauyi, sanda kuwa ba ta saki.

Auta ya ce:

— Kaka, me ya sa ba a yi su duka dogaye ba, kowa ya miƙe tsaye?

— Ka manta wankan da ka yi jiya?

Kowa ya yi dariya, har Inna.

Ku lura da wannan awo da kyau, don shi ne gindin aikin. An rataya tamfol a kan sanda, mita 2 ta wannan gefe, mita 2 ta wancan. Tsakiya ta fi gefe tsayi da mita 1. Wannan gangara ta isa ruwa ya gudu. Idan gangarar ta yi kaɗan, tumbi ya dawo. Idan ta yi yawa, ɗaki ya matse. Da wannan awo, faɗin wurin zama ya kusa mita 3 da rabi, kuma ko a gefe babba yana iya zama ba tare da kansa ya taɓa rufi ba.

Kafin a ɗora tamfol, Kaka ya bi kan dirkokin da hannu. Duk inda ya ji tsini, sai ya fere shi. Sa'an nan ya aiki Auta ya tsinto tsofaffin silifa. Ya ɗaura ɗaya ɗaya a kan kowace dirka kamar hula. Iska tana kaɗa tamfol dare da rana. Idan yana gogar busasshen itace, ba a daɗewa sai ya huje. Mutane da yawa sukan manta da wannan, alhali ba ya cin ko sisi.

5. Goruba da roba

Saura kusurwar da ta yage. Zoben ƙarfen da ake zura igiya ya fita, ya tafi da ɓangaren tamfol. Abba ya ɗauko wuƙa zai huda wani wuri. Kaka ya riƙe hannunsa.

— Kada ka huda. Huji ƙofar yagewa ne.

Ya karɓi ƙwallon gorubar da Auta ya gama gwaigwaya. Ya sa shi a ƙarƙashin tamfol kusa da kusurwa, ya naɗe shi kamar yadda ake ƙulle kuɗi a bakin zane, ya zarge igiya a wuyansa. Ya ce Abba ya ja da ƙarfi. Abba ya ja, ƙulli bai motsa ba. Dalili shi ne, jan igiyar ya bazu a wuri mai faɗi, bai taru a huji ɗaya ba. A wasu garuruwa da tsakuwa mai santsi ake yi. Amma ƙasar Injamena laka ce da rairayi, dutse yana da wuyar samu. Goruba kuwa ba ta wuya a kasuwa.

Daga kan kowace dirka aka ja igiya zuwa turke. Ba a kafa turke a tsaye. Ana karkata kansa nesa da rumfa, don idan igiya ta ja shi, ya ƙara cizon ƙasa. Wuri ɗaya laka ta yi taushi ƙwarai, turke ya ƙi zama. Kaka ya ɗaura igiyar a tsakiyar guntun itace, ya binne shi a kwance, ya tattake.

Sai ya yanka robar cikin tsohuwar tayar babur, siri siri, ya haɗa tsakanin igiya da turke. Idan iska ta fizgi tamfol, robar ta miƙe, sa'an nan ta komo. Ita ke shan wahalar, tamfol ya huta.

Yaya ta ce:

— Kaka, ta ina za mu yi ƙofa?

— Daga ina hadari yake tasowa?

— Daga gabas.

— To, ba a buɗe wa hadari ƙofa.

Saboda haka aka juya gangara ɗaya tana fuskantar gabas, aka tsayar da zana a ƙarƙashinta. Yara suka haƙa ɗan lambatu kewaye da rumfar, suka ba shi hanya zuwa waje. Ƙasar da suka haƙo suka tara ta ciki, daɓen ya ɗan tashi. Inna ta ajiye bokiti a inda ruwa zai zubo, don wanki.

Da za ta hura wuta, ta jawo murhu bakin rumfa. Kaka ya ce:

— A'a, ƴata. Tamfol roba ne. Tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Kai murhun can gindin katanga.

Bayan kwana biyu hadari ya sake haɗuwa. Iska ta zo da ƙura, sa'an nan ruwa ya kece. Auta bai runtsa ba. Yana cikin gidan sauro, idonsa a sama, yana jiran tumbi. Tamfol yana ta ƙara kamar ganga, igiyoyi suna rawa. Amma ruwa gudu kawai yake yi, yana faɗawa lambatu. Da asuba bokitin Inna ya cika har ya tumbatsa, geron da aka shanya kuwa ko ɗigo bai taɓa shi ba.

6. Inda babu itace

Ruwan sama ya ɗauke, amma wahala ba ta ƙare ba. Shari yana tasowa ne daga Afirka ta Tsakiya, Logon kuma daga tsaunukan Adamawa. Ruwan da aka yi can kudu yakan yi makonni yana tafiya kafin ya iso Injamena. Shi ya sa kogunan suka fi cika a wajen ƙarshen Oktoba, bayan damina ta wuce.

A Oktoban 2022 kogunan biyu suka yi ambaliya. Ruwa ya shiga Waliya, mutane suna fita da kwale-kwale. Ran 19 ga watan, shugaban ƙasa Mahamat Idris Debi ya kafa dokar ta-ɓaci saboda ambaliya. Mutanen da abin ya shafa a faɗin ƙasar sun fi miliyan ɗaya. Iyalai da yawa suka koma filin da aka tanada a Tukra.

Su Auta ma suka tashi. Kaka ya ce ko an bar akwati, kada a bar dirkoki. Aka tumɓuke su, aka ɗaure tare da sanda da turaku, aka naɗe a cikin tamfol.

Wurin da suka samu ba itace kusa, ba katanga. Amma rumfar ba ta bukatar ko ɗaya, tun da tana da ƙafafunta. Kafin azahar ta tsaya. Abu ɗaya Kaka ya ƙara. Ya ja wa kowace doguwar dirka igiya biyu, ɗaya ta dama, ɗaya ta hagu, don a fili iska ba ta da mai tare ta.

Yanzu rana ce abokiyar gaba. Da tsakar rana cikin rumfa ya yi zafi kamar tanda. Kaka ya samo sanduna biyu masu tsawon mita 2, ya ɗaga gefen arewa da su, inda rana ba ta leƙowa a wannan lokaci. Iska ta sami hanya. Ya kuma shimfiɗa zana a kan tamfol, don zafi ya ragu, don kuma rana takan cinye roba har ta riƙa farfashewa. Da dare sai a cire sandunan, a mai da gefen kan gajerun dirkoki.

Wata rana Auta ya ɗauko ragar Kaka zai ɗaura ta a jikin dogayen dirkoki.

— Abokina, me za ka yi?

— Zan gyara maka wurin kwana ne, Kaka.

— Madalla. Amma zo ka riƙe wannan bakin, Yaya ta riƙe wancan.

Suka riƙe. Kaka ya ɗora ɗan buhun gero a tsakiyar ragar. Nan take yaran suka rinjayo ciki, suka kusa gwara kai.

Raga ba ƙasa kaɗai take ja ba, tana jan abin da aka ɗaura ta zuwa ciki. Ko an bar ta ta ɗan lanƙwasa yadda ya kamata, jan kowace igiya yakan kai kusan nauyin mai kwanciya. Idan aka ɗaure ta tam kuwa, jan ya fi haka nesa. Itace mai saiwa yana iya jurewa. Dirkar da aka binne kamu ɗaya ba ta iyawa. Za ta faɗo, rufi ya biyo ta.

A daren Kaka ya kwana a tabarma kamar kowa. Ragar kuwa aka ninka ta biyu, aka rataya a jikin sanda, aka zuba sababbin littattafan Yaya da ƙwaryar gari a ciki, nesa da ɓera da gara.

Kalmomi

tamfol : la bâche
raga : le hamac
dirka : le poteau fourchu
turke : le piquet
gangara : la pente
lambatu : la rigole
kamu : la coudée
ambaliya : l'inondation

Tambayoyi

1. Yaya Kaka yake rataya tamfol idan ya tafi su? Me ya sa wannan bai ishi mutum biyar ba?
2. Me ya yaga tamfol a daren farko?
3. Mene ne amfanin silifa, da ƙwallon goruba, da roba?
4. Don me kogin Shari yake cika bayan damina ta wuce?
5. Me ya sa Kaka ya hana a ɗaura raga a jikin dirkoki?

Lissafi

Wani tamfol yana da tsawon mita 6 da faɗin mita 4. An shimfiɗa shi ba gangara, aka yi ruwan milimita 15. Lita nawa suka sauka a kansa? Jarka nawa mai lita 20 za su cika?

Aiki

Ku auna kamunku da santimita, ku gwada da na malaminku. Sa'an nan ku kasu huɗu huɗu. Kowane rukuni ya samo leda, da karan dawa shida, da zare. Ku kafa ƙaramar rumfa a tsakar makaranta, ku zuba mata ruwa da buta. Ku sake kafa ta da karare masu tsawo ɗaya, ku sake zubawa. Ku rubuta abin da kuka gani da Hausa, sa'an nan da Faransanci.